Na ga wani abu kamar kindirmo a murfin baƙin man motata, ga tafiya a gabana

Assalamu alaikum, Baba. Ni malamin makaranta ne a Zariya. Wata 5 da suka wuce na sayi Camry ta 2004 mai silinda 4, irin wadda ake ce wa Big Daddy, a hannun yayan matata. Ranar Asabar na buɗe murfin da ake zuba baƙin mai, sai na tarar da wani abu ya manne a cikinsa, fari-fari da ɗan rawaya, kamar kindirmo. Na zaro geji, wato sandar duba mai, man jikinsa ruwan ƙasa ne, a idona kamar ya ɗan yi haske, amma ban tabbatar ba. Makanike na farko kallo ɗaya ya yi ya ce tof-gasket ya ƙone, in kawo kuɗi a sauke tof, wato kan inji. Na biyu ya ce sanyin hunturu ne kawai, a yi juyen mai a wuce wurin. Yawancin tafiyata daga gida ce zuwa makaranta, bai fi kilomita 3 ba. Nakan ƙara wa lagireto ruwa kamar ledar fiya wata ɗaya a mako. Wata 2 da suka wuce allurar zafi ta haura ja a gosulon Kawo a Kaduna, na tsaya na kwara wa injin ruwa muka ci gaba. Mako mai zuwa akwai ɗaurin aure a Jos, ni zan ɗauki iyali. Wani abokina ya ce in juye man, in goge murfin, in sayar da ita tun kafin ta mutu a hannuna. Abin da ya fi ci mini rai, zuciyata na raya mini cewa yayan matata ya san da matsalar ya sayar mini, har na fara kasa sakar masa fuska, matata kuma ta lura. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa wa karantarwarka albarka.

Kafin komai, ka rataye makullin motar nan. Gobe da jibi ka hau Keke ko acaɓa zuwa makaranta. Ban ce injinka ya lalace ba. Abin da nake cewa, har yanzu babu wanda ya san halin da yake ciki, har da makanikan nan biyu. Na farko ya kalli murfi ya yanke hukunci mafi tsada, na biyu ya kalli wannan murfin dai ya yanke mafi araha, kuma a cikinsu babu wanda ya ɗauko abin awo ko guda. Launin mai shaida ne, amma shaida ɗaya ne, alƙalin kirki kuwa ba ya rufe shari'a sai ya saurari sauran.

In kuma faɗa maka gaskiya, a duk wasiƙarka kindirmon bai tsaya mini a rai ba kamar wasu abubuwa biyu da ka ambata a gurguje: ledar ruwan da kake ƙarawa duk mako, da allurar da ta haura ja a Kawo. Zan zo kansu.

Abin da ka gani a murfi ruwa ne ya haɗu da mai, inji ya kaɗa su kamar yadda maburgi ke kaɗa miya har suka yi kauri. Wannan babu jayayya a kai. Tambayar ita ce daga ina ruwan ya fito, kuma nawa ne.

Inji da kansa yana haifar da ruwa. Duk litar fetur ɗaya da ta ƙone tana barin kusan litar ruwa ɗaya a matsayin tururi, shi ya sa da sanyin safiya za ka ga salansar mota mai ƙoshin lafiya tana ɗigar ruwa a ƙasa. Mafi yawan tururin ta salansa yake fita, amma ɗan kaɗan yana sulalewa ta gefen ringin fistin ya gangara inda mai yake. Idan aka yi tafiya mai ɗan nisa, man ya yi zafi ya kusanci digiri 100, ruwan sai ya ƙafe ya fice ta wani ɗan bawul da ke saman inji, wanda makanikai ke kira PCV. To kai kilomita 3 kake yi, a hunturun Zariya, da ƙarfe 7 na safe. Kafin man ya ji ɗumi ka isa ƙofar makaranta ka kashe mota. Kada allurar da ke gabanka ta yaudare ka, zafin ruwa take aunawa, mai kuwa ya fi ruwa jinkirin ɗaukar zafi sosai. Tururin da bai samu fita ba sai ya hau sama ya nemi wuri mafi sanyi ya kwanta, kamar yadda gumi ke taruwa a cikin murfin tukunya. Wuri mafi sanyi a inji kuwa shi ne murfin nan da ka buɗe.

Akwai wani abu da ke ƙara wa wannan ƙarfi a garejojinmu. An saba cire tamostat daga mota a haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Tamostat ɗan ƙofa ne da ke tare ruwa kada ya je lagireto sai inji ya ɗumama, a irin injinka yana fara buɗewa ne wajen digiri 82. In aka cire shi, inji yakan daɗe yana aiki cikin sanyi, ya sha fetur fiye da kima, ya tara ruwa a cikin mai. Ka tuna ko allurarka tana kaiwa tsakiya ta tsaya cak, ko kuwa tana zama can ƙasa, ta ƙara sauka in ka hau babban titi. In ƙasa take zama, da wuya in tamostat ɗin na nan yana aiki.

Da a nan wasiƙarka ta tsaya, da na ce makanike na biyu ya yi gaskiya, ka je ka kwanta da hankalinka.

Sai dai gidan ruwan mota rufaffe ne. Mota mai lafiya tana yin watanni ba a ƙara mata ko ɗigo ba. Ledar fiya wata rabin lita ce, kuma rabin litar nan duk mako tana tafiya wani wuri. Ko dai tana zuba ƙasa ta tiyo, ta famfon ruwa, ta jikin lagireto ko ta murfinsa da ya saki, ko tana shiga silinda ta ƙone ta fita ta salansa, ko tana gangarawa cikin mai. Na farko gyaransa mai sauƙi ne, kuma shi ya fi yawa. Biyun ƙarshe su ne maganar makanike na farko.

Tof-gasket wani siririn faifai ne da ke kwance tsakanin tof da bulok, wato gangar jikin inji. Maƙwabta uku ne suke zaune kusa da juna a wurin: wutar da ke tashi a cikin silinda, hanyoyin mai, da hanyoyin ruwa. Shi ne katangar da ta raba su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, abin da ya fi tsaga wannan bangon kuwa shi ne obahitin, wato inji ya yi zafi fiye da kima. Tof ɗin motarka na alminiyam ne, in zafi ya wuce kima yakan ɗan lanƙwashe, lanƙwasar da ido ba ya gani amma ta isa ta ɗaga shi daga kan gasket. Kwara ruwan sanyi a kan ƙarfen da ya yi wannan zafin yana sa gefe ɗaya ya tsuke da sauri ɗayan yana nan a buɗe, ta haka tof ke tsagewa. Ba ina ɗora maka laifi ba ne, kusan duk direban da ke kan titin nan haka ya ga ana yi. Amma nan gaba in allura ta haura, ka sauka gefe, ka kashe inji, ka ɗaga bonet, ka ba shi aƙalla rabin sa'a ya huce da kansa. Murfin lagireto kuwa kada hannunka ya kusance shi da zafi. Ruwan cikinsa a matse yake, ya wuce zafin tafasa, yana tashi ne ya watsu a fuska da ƙirji.

Motarka kuma tana da wani hali da ya kamata ka sani. In 'yar Amurka ce mai lita 2.4, kamar yawancin waɗanda ke hannun mutane a nan, injinta shi ne wanda Toyota ke kira 2AZ-FE. Inji ne mai juriya, amma na shekarun 2002 zuwa 2006 an san su da lalura guda. Notoci 10 ne ke ɗaure tof a kan bulok, bulok ɗin shi ma alminiyam ne, kuma zaren ramukan da notocin ke shiga yakan tsige, musamman na layin baya, ɓangaren da ke kallon cikin mota, galibi bayan inji ya sha zafi. In hakan ta faru tof yana ɗagawa ta baya, ruwa ya riƙa tsiyaya ta inda ba a gani sai an leƙa da tocila. Na sha ganin an sa sabon gasket a irin wannan injin ba a duba zaren ba, bayan mako biyu mai mota ya dawo da matsalar da ya zo da ita, kuɗinsa sun tafi a banza.

Yanzu ga abin da za ka yi, kuma rabinsa ba zai ci maka ko kwabo ba.

Ka bar motar ta kwana a wuri mai daidai, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji. Da safe, kafin a tayar da ita, ka jawo kwalin ka ga ko wani abu ya ɗiga, kuma a daidai ina. Sannan ka zaro geji ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Fara da duba inda man ya tsaya. In ya haura alamar sama alhali babu wanda ya ƙara, wani abu na shiga cikinsa. Ka ɗiga shi a kan farar takarda ka fita da ita rana. Mai lafiyayye, ko ya yi duhu, garau yake kamar zuma ko shayin da ba a sa wa madara ba, haske na ratsa shi. Wanda ruwa ya shiga a dagule yake kamar kunun gyaɗa, ba ka ganin komai ta cikinsa. Ka kuma tabbatar gejin inji ka zaro. Motarka in atomatik ce geji biyu gare ta, ɗaya na man giya ne, shi ja ne. Ka duba shi ma. In ya koma ruwan hoda mai kauri kamar an dama shi da madara, to ruwa ya shiga giya ta cikin lagireto, inda bututun man giyar ke ratsawa don ya huce, wannan kuma wata matsala ce daban da ba ta shafi gasket ba.

Daga nan ka samo tsohon murfin gwangwani, ka ɗora a kan wuta ya yi zafi sosai, ka ɗiga masa man daga geji, fuskarka a nesa. Man da ba ruwa cikinsa zai bazu ya yi hayaƙi shiru. Wanda ke da ruwa zai yi ta fashe-fashe yana tsalle, irin ƙarar da kake ji in ruwa ya faɗa kaskon mai ƙosai. Wannan gwajin tsoho ne, kunne kuma yakan kama ruwan da ido bai gani ba.

Gwajin da na fi yarda da shi yana buƙatar sifana, don haka ka kira makanike gida. Ruwa ya fi mai nauyi. In mota ta kwana, duk ruwan da ya ware daga mai yana sauka ya kwanta a gindin kwanon da ke ƙasan inji, daidai bakin notin juye. A sassauta notin a hankali, kada a cire shi gaba ɗaya, a tara farin kofi, a ga abin da zai fara fitowa. Ba na manta wata Golf da wani direban haya ya kawo mana da damina, bayan ya ratsa ruwan da ya kai masa ƙofa. Gejinta bai nuna wani abin tsoro ba. Na durƙusa na murɗa notin zagaye biyu, sai ga ruwa garau yana ɗigowa ɗis, ɗis, ya kusa cika kofin shayi kafin baƙin ya biyo baya. Mutumin ya dafe kai yana salati, yana zaton injinsa ya tafi. Ba gasket ba ne, ruwan kwata ne ya shiga, kuma da yake bai yi nisa da ita ba, juye biyu a jere suka raba shi da matsalar. Da ya ƙara yini guda yana lodi da ita, da wani labarin ake yi.

In ruwa ya riga mai fitowa, ko murfin gwangwani ya yi ƙara sosai, kada a sake tayar da motar, a ja ta zuwa gareji. Dalili kuwa, karanshaf, sandar ƙarfen da fistin ke juyawa a ƙasan inji, yana juyawa ne a kan wani siririn shimfiɗin mai da bai kai kaurin silin gashi ba, tsakaninsa da faifan ƙarfen da yake kwance a kai, wanda makanikai ke kira metal. Mai da ya sha ruwa ba ya iya riƙe wannan shimfiɗin. Ƙarfe ya fara cin ƙarfe, daga nan sai a ce inji ya buga. Gyaran gasket da sayen inji kuwa ba kusa suke ba.

In man ya fito tsaf, sai a koma kan ruwa. Inji na sanyi, ka buɗe murfin lagireto ka leƙa. Mai na yawo a saman ruwan, ko wani datti mai maiƙo ya manne a wuyansa? Ka cika shi, a tayar da mota murfin a buɗe, ka zuba ido na 'yan mintuna. Kumfa ɗaya biyu iska ce ke fita. Kumfar da ke tasowa ba ƙaƙƙautawa, tana ƙaruwa in an taka totur, numfashin silinda ne ke shigowa gidan ruwa. Ka zagaya baya ka kalli salansa. Farin tururin da ke ɓacewa da zarar inji ya ɗumama na hunturu ne. Wanda ya ƙi tsayawa, mai kauri, yana bin mota, shi ne abin tsoro. Sannan ka haska tocila a bayan inji ka nemi sawun ruwan da ya bushe, fari ko mai tsatsa, yana gangarowa daga inda tof ya haɗu da bulok.

Abin da ya rage na gareji ne, kuma ka nemi garejin da ke da kayan awo. Akwai ɗan famfon hannu da ake ɗaurawa a bakin lagireto a matsa iska har allurarsa ta kai kimanin bar 1 a ma'aunin matsi, a bar shi kwata na sa'a a ga ko allurarsa za ta sauka, in akwai yoyo a waje a lokacin zai tona kansa. Akwai wani shuɗin ruwa da ake sawa a bututu a kan bakin lagireto inji na aiki, in hayaƙin silinda na shiga gidan ruwa sai ya rikiɗe ya koma rawaya. Akwai awon ƙarfin matsi na kowace silinda, in biyu da ke maƙwabtaka suka yi ƙasa tare, gasket ya yanke a tsakaninsu. Ko fulogi kaɗai aka kwance aka jera su huɗu, wanda ya fita daban da tsabta kamar an wanke shi, tururi ne ya wanke shi, silindarsa na shan ruwa. Duk wannan bai kai aikin yini ɗaya ba. In makanike ya ce idonsa ya isa, ba ya buƙatar awo, ka yi masa godiya da mutunci ka nemi wani. Ina girmama ido da kunnen tsofaffin makanikai, sun sha gano abin da na'ura ta rasa. Amma sauke tof aiki ne da ba a mayar da shi baya, kuma aljihun malamin makaranta ne zai biya.

Yana yiwuwa duk a gwada a ga yoyon tiyo ne ko murfin lagireto, man kuma lafiya lau. To sai a gyara yoyon, a mayar da tamostat in babu, a duba bawul ɗin PCV ko ya toshe, a yi juye da sabuwar filta. Injinka kusan lita 4 yake ci, kuma 5W-30 aka rubuta wa 'yan Amurka, ka duba littafin motar ko saman murfin. Ka sayi man a rufe a wurin da ka amince da shi, don jabu ya yi yawa a kasuwa. Ka goge murfin tas, ka yi wa ƙaramar robar ajiyar ruwa alama da biro a daidai inda ruwan ya tsaya. Sau ɗaya a mako ka fita da motar hanyar Kano ko ta Funtuwa, ka yi tafiyar minti 30 zuwa 40 ba tsayawa. In kindirmon bai dawo ba kuma ruwa bai sauka daga alamar ba, an gama. Fiya wata da ruwan rijiya kuma ka daina zuba su. Suna barin tsatsa da farin gishiri a hanyoyin ruwa, su suke cin lagireto da famfo. Kulant ake sawa, na Toyota ja ne ko ruwan hoda, yana hana tsatsa kuma yana jure zafi fiye da ruwa zalla. Yana da zaƙi a baki amma guba ne, a ɗaga shi inda yara da awaki ba za su kai ba. Amfaninsa na biyu, launinsa da ƙamshinsa suna nuna maka inda yoyo yake.

Tunda yanzu za ka riƙa zaro geji da idon basira, bari in ɗan gaya maka sauran launuka kada su firgita ka. Baƙi shi ne mafi ƙarancin abin damuwa, aikin mai ke nan ya kwashe dattin inji ya riƙe, a injin dizal ma kwana kaɗan yake yi ya koma baƙi wuluk. Wanda ya yi kauri kamar kwalta yana manne wa geji, an daɗe ba a yi juye ba ne ko man ba na kirki ba ne. Wanda ya tsinke kamar ruwa yana warin fetur, fetur na gangarawa cikinsa, a duba nozul da fulogi. Wanda ka murza a yatsa ka ga yana ƙyalli a rana kamar an barbaɗa garin ƙarfe, wannan kam a kashe mota nan take, metal ne ke cinyewa.

In kuwa awo ya tabbatar gasket ne, to a yi aikin sau ɗaya a yi shi daidai. A kai tof wurin masu injin gyaran ƙarfe su auna ko ya lanƙwashe, su daidaita fuskarsa, su gwada ko ya tsage. A duba zaren ramukan nan 10 ɗaya bayan ɗaya, wanda ya tsige a dasa masa sabon zare na ƙarfe. A sa gasket mai kyau ko da ya fi tsada. A ɗaure notocin da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, daga tsakiya zuwa gefe kamar yadda kamfani ya tsara, kada a sa bututu a hannun sifana a yi ta ja da ƙarfin tuwo, don a wannan injin ja fiye da kima shi ke tsige zare. A kuma nemo abin da ya jawo obahitin ɗin Kawo tun farko, fanka ce ta ƙi tashi ko lagireto ne ya toshe, in ba haka ba sabon gasket ɗin ma zai bi sawun tsohon. Bayan aiki a yi juye, a ɗan yi tafiya kaɗan, a sake yin wani don a kwashe sauran ruwan. Kwalaben maganin toshe yoyo da ɗanyen ƙwan da wasu ke fasawa a lagireto, ka nisance su, sukan toshe hanyoyin da ake so a buɗe.

Maganar Jos, ban ba ka shawarar zuwa da motar nan ba, ko da sakamakon ya yi daɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Daga Saminaka zuwa Jos hawa ne, ga mota cike da iyali da kaya, nan ne duk wani rauni da ke gidan ruwa yake bayyana. Ko an gyara ta jibi, motar da aka taɓa wa ruwa ko tof tana son a yi kwanaki ana lura da ita kusa da gida. Ka tuna da matarka da yara tsaye a bakin titi a daji, magariba na gabatowa. Ku je tasha ku hau ta haya, ko ku bi wani ɗan'uwa da zai je.

Shawarar abokinka kuwa, ka ajiye ta inda ka same ta. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da tsibin abinci, ya cusa hannunsa ciki sai yatsunsa suka ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya tambaye shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya kuma ce: "Wanda ya yi ha'inci ba ya tare da ni". Goge murfi a zuba sabon mai a kai kasuwa, ɓoye danshin nan ne a ƙasan tsibi. In sayarwa kake so, halal ne, ka faɗi abin da ka gani da abin da awo ya nuna, a yi ciniki a kan haka. Ka kuma duba, zafin da kake ji a ranka yanzu a kan zaton an yi maka haka, shi za ka ɗora wa wani bawan Allah, wataƙila shi ma albashinsa ya tara ya saya.

Wannan ya kawo mu ga yayan matarka, kuma a nan nake roƙonka ka yi a hankali fiye da ko'ina. Motar ta haura shekara 20 a duniya. Ta yi wata 3 a hannunka kafin ta yi obahitin, kuma a hannunka ta yi shi. Ba ka gaya mini ko ƙarin ruwan ya fara tun ranar da ka karɓe ta ba ne ko bayan Kawo. Ka zauna ka tuna da kyau, amsar tana da nauyi. In bayan Kawo ne, to kusan babu abin da ya rage na zargi. Ko da tun farko ne, mutane da yawa suna ƙara wa mota ruwa duk mako suna ɗauka haka kowace mota take, kai ma haka ka ɗauka har zuwa ranar Asabar. Murfin da ka gani kuma yana iya zama aikin kilomita 3 da hunturu, abin da shi bai taɓa gani ba in tafiyarsa mai nisa ce. Kana neman ɓata zumuncin da 'ya'yanka za su gada a kan abin da ko makanike bai tabbatar ba.

Ka gaya wa maiɗakinka yau abin da ke damunka, a matsayin matsalar mota, kada ta ci gaba da ganin fuskarka a ɗaure tana lissafin laifin da ba ta sani ba. Sannan ka je wurin yayanta da kanka, ka gaishe shi yadda ka saba, ka ce: "Yaya, motar nan ta ɗan nuna wata alama, ina so in san tarihinta kafin a taɓa ta. Ta taɓa yin obahitin a hannunka? An taɓa sauke tof ko cire tamostat? Wane makanike ne ke duba maka ita?" Waɗannan tambayoyi ne da kake buƙatar amsarsu da gaske, don makaniken da ya san motar shekara da shekaru zai rage maka rabin wahala. In ya nuna damuwa, ka gayyace shi ya zo da safen da za a sassauta notin juye, ku durƙusa tare da farin kofin a tsakaninku ku ga abin da zai fara ɗigowa.